Kururuwar Aku: Daga Ina Take, Kuma Yaya Ake Rage Ta?

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a wani rukunin gidajen ma'aikata, maƙwabcina ya dawo daga wata tafiya Kudu da aku a cikin keji. Makon farko gidan nan ya zama tamkar gidan biki, yaran unguwa suna ta tururuwa don su ji tsuntsu ya yi magana. Kafin a yi wata uku murna ta koma ciki. Akun bai koyi kalma ko biyar ba, amma ya ƙware da wata irin kururuwa mai tsini wadda ake ji har bakin titi. Da asuba ya yi, in uwargida ta shiga kicin ya yi, in maigida ya ta da mota ya yi, in baƙi suna hira a falo ya yi ta yi har a rasa mai jin maganar wani. Babu dabarar da ba a gwada ba. An daka masa tsawa, an bugi kejin da tsintsiya, an watsa masa ruwa, an lulluɓe shi da buhu da rana tsaka. Abin sai gaba yake yi. Ranar da maƙwabcin nan ya zo wurina ya riga ya fara neman mai saye. Ya ce mini, "Dakta, ku da kuka karanci dabbobi, anya tsuntsun nan ba shi da taɓin hankali kuwa?"

Hankalin tsuntsun lafiya lau yake. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa a wannan maƙala shi ne, kururuwar aku tushe biyu gare ta. Wani ɓangarenta gado ne da ya zo da shi daga kurmi, kuma ba mai iya raba shi da shi. Ɗaya ɓangaren kuwa, wanda shi ne ya fi damun jama'a, a cikin gida ya koye shi, kuma galibi mutanen gidan ne malamansa ba tare da sun sani ba. Na biyun nan shi ne ake iya gyarawa.

Muryar da ta dace da kurmi

Akun da muka sani, mai toka-tokan jiki da jar wutsiya, masana ilimin halittu suna kiransa Psittacus erithacus. Ɗaya ne daga cikin nau'o'i kusan 400 na dangin aku da ke duniya. Ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Mazauninsa shi ne kurmin da ya taso daga Kwaddibuwa da Gana, ya ratsa kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, har zuwa Yuganda da yammacin Kenya. Fatake ne ke kawo shi Arewa. 'Yar'uwarsa da ke zaune tare da mu a nan ita ce tsirya, koriya mai doguwar wutsiya, wadda manoma suka san ɓarnarta a gona.

A kurmi aku ba ya zama shi kaɗai. Yakan kwana cikin taron 'yan'uwansa, wani lokaci ɗaruruwa, a kan dogayen itatuwa, sau da yawa kusa da ruwa. Gari na wayewa sai su ɓarke da hayaniya, sa'an nan su watse ƙungiya-ƙungiya zuwa wuraren kiwo masu nisa. Da yamma su komo, su sake wata hayaniyar kafin su yi shiru. Namiji da tamata sukan zauna tare shekara da shekaru. To, a cikin duhuwar ganye, inda tsuntsu ba ya iya hango abokinsa da ke bishiya ta uku daga gare shi, da me za su riƙe juna in ba da murya ba? Masana suna da suna na musamman ga wannan kira, wanda za mu iya fassarawa da "kiran cigiya". Ma'anarsa ba ta wuce, "Ga ni nan, kana ina?" In an amsa, magana ta ƙare. In ba a amsa ba sai mai kiran ya ƙara ƙarfi, domin a daji tsuntsun da ya rabu da garke shi ne abincin shaho.

Wani abin sha'awa shi ne, ba a haifar dangin aku da wannan kira cikakke, koyonsa suke yi. A shekarar 2011, Karl Berg na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun ba da rahoton wani gwaji da suka yi da wani ɗan ƙaramin koren aku a ƙasar Benezuwela. Sun musanya ƙwai tsakanin sheƙuna, sai suka tarar kiran 'ya'yan ya yi kama da na iyayen da suka rene su, ba na waɗanda suka saka ƙwan ba. Tun kafin nan, a 1996, Timothy Wright ya nuna cewa wani aku mai rawayar ƙeya a ƙasar Kosta Rika yana da karin harshe: kiran tsuntsayen wani yanki ya bambanta da na wani, kamar dai yadda muke gane Basakkwace daga Bakano da zarar ya buɗe baki, har wasu da ke zaune a kan iyaka sukan iya duka biyun. Shi kansa akun namu, a 1993 an buga sakamakon wani nazari na muryarsa da aka ɗauka a dajin Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda aka ji shi yana kwaikwayon tsuntsaye iri tara da wani jemage. Ashe dai kwaikwayo ba a keji ya fara shi ba. Aku tsuntsu ne mai sauraron abokan zamansa, ya gyara muryarsa ta dace da su. In abokan zaman nan mutane ne, to su zai saurara.

Ta yaya tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 400 zuwa 500 ba yake fitar da ƙara haka? Mu 'yan Adam akwatin muryarmu a saman maƙogwaro yake. Na tsuntsu, wanda ake kira sirinks, yana can ƙasa cikin ƙirji, daidai inda maƙogwaron iska ya rabu biyu zuwa huhu. Akwai tantani a wurin da ke kaɗawa idan iska ta wuce, da 'yan tsokoki da ke ɗaure shi ko su sassauta shi. Bayan sautin ya taso, sai aku ya yi amfani da kaurin harshensa da buɗewar bakinsa ya sarrafa shi.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum kimanin desibel 60 ce. Wanda ya daɗe yana yini cikin ƙarar da ta kai 85 yana iya samun raunin ji. Manyan dangin aku kuwa, in an auna a kusa, kururuwarsu takan kai wajen 100. Ɗaliban fiziya za su tuna cewa a fili, duk sa'ad da aka ninka nisa sau biyu, sauti yana raguwa da desibel 6. Saboda haka ƙarar da ta kai 100 a nisan mita ɗaya, in ta yi tafiyar mita 100 za ta sauko zuwa wajen 60, wato daidai da hira. Muryar da aka tanada don abokin da ke can nesa, ita ce muke sha a nisan taku biyu, cikin ɗakin siminti mai rufin kwano wanda ke mayar da amo. Shi tsuntsun ma yana da wata gata da ba mu da ita. A 1988 masu bincike suka tabbatar cewa ƙwayoyin ji da ke can cikin kunnen tsuntsu suna sake tsirowa in ƙara ta lalata su. Namu in sun mutu sun tafi ke nan.

Daga wannan bayani mai karatu zai gane abu guda: hayaniyar asuba da ta magariba ba cuta ba ce. Aku mai lafiya zai yi ta, ta 'yan mintoci ko ta fi haka kaɗan. Wanda ba zai iya jure wannan ba bai kamata ya ajiye aku ba tun farko.

Yadda gida ke zama makarantar kururuwa

Yanzu sai mu koma ga ɓangare na biyu. A 1938 wani masanin halayyar dabbobi ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da ɓeraye, daga baya kuma ya ci gaba da tattabaru. Ƙa'idar da ya tsaya a kai mai sauƙi ce: duk aikin da dabba ta yi, in abin da ya biyo baya ya yi mata daɗi, za ta ƙara yin sa, in bai haifar da kome ba, sannu a hankali za ta bari. Mu kira abin daɗin da ke biyo baya da suna tukuici. Sharaɗin kawai shi ne, dabbar ce ke yanke hukuncin abin da yake tukuici, ba mai ita ba.

A nan ne maƙwabcina ya yi kuskure. A ganinsa tsawa horo ce. A ganin aku kuwa, ya yi cigiya, wani daga cikin garke ya amsa da babbar murya, har ma ya taso ya zo gaban keji yana kaɗa hannu. Wane tukuici ya fi wannan ga tsuntsun da ya yini shi kaɗai a lungu? Ko buhun da ake lulluɓa masa, kafin a lulluɓa sai an zo kusa da shi, an dube shi, an yi masa magana. Ruwan da ake watsa masa ma, a zafin watan Afrilu, ba lalle ne ya ƙi shi ba. Dukan keji kuwa yana iya sa shi shiru na ɗan lokaci, amma abin da yake koya masa shi ne tsoron hannun mutum, kuma ƙarshen wannan cizo ne.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ku lura da yadda abin ke faruwa a gida. Uwargida ta fita daga falo, aku ya yi ɗan fito a hankali, ba wanda ya kula. Ya sake yi, shiru. Ya ɗaga murya kaɗan, shiru. Sai da ya tsala ihu sa'an nan aka rugo. Darasin da ya ɗauka shi ne, kira mai taushi ba shi da amfani, mai ƙarfi shi ke kawo mutum. Bayan mako biyu mutanen gida sun ɗan saba da wannan ihun, sai sun ji wanda ya fi shi kafin su motsa. Ta haka ake hawa da shi mataki-mataki. Da wani zai zauna da niyyar koya wa tsuntsu kururuwa, ba zai sami tsarin da ya fi wannan ba. Kada kuma mu manta da wanda muke koyarwa. Wani aku irin wannan mai suna Alex, wanda Irene Pepperberg ta yi nazarinsa a Amurka daga 1977 har mutuwarsa a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana bambanta launuka 7 da siffofi 5, yana kuma faɗin adadin abubuwa har zuwa 6. Tsuntsu mai irin wannan ƙwaƙwalwa ba ya bukatar a maimaita masa darasi sau da yawa.

Sai kuma batun haƙuri rabi da rabi, wanda a ganina shi ne babban tarko. Maigida ya yanke shawara ba zai ƙara kula tsuntsun ba. Ya daure minti biyar, ya daure goma, a na goma sha biyu ya kasa, ya taso. Gobe ya daure ashirin. Jibi yana da baƙi, saboda kunya ya taso nan take. A 1957 Skinner da Charles Ferster sun nuna cewa ɗabi'ar da ake ba tukuici jefi-jefi, ba bisa tsari ba, ta fi wuyar bari a kan wadda ake ba tukuici kullum. Misali yana cikin gidajenmu. In famfo ya saba kawo ruwa kowane lokaci, ran da ya ɗauke, sau biyu ko uku za ka murɗa ka haƙura. Amma in ya saba kawowa yau, ya ɗauke kwana uku, ya dawo da tsakar dare, to duk sa'ad da ka gifta sai ka murɗa, ko da an yi wata ba a ga ɗigo ba. Akun da ake amsa wa wani lokaci a ƙyale shi wani lokaci, haka yake murɗa nasa famfon.

Ɗalibanmu sun san aku tun daga littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. A can ma, in an tuna, aikin da akun ya yi da bakinsa shi ne hana ɗan sarki fita daga gida. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa wannan ya dace da ilimin halittu ƙwarai, sai dai akun gaske ba shi da tatsuniyoyi, abin da yake da shi shi ne ihu.

Littafi da alƙalami kafin kome

Shawarar farko da na ba maƙwabcina ita ce kada ya canja kome har mako guda. Ya sami littafin rubutu, ya ja layi ya raba shafi gida uku. Duk sa'ad da tsuntsun ya yi kururuwa, a rubuta lokaci da abin da ke faruwa dab da farawarta, da tsawon da ta yi, da abin da mutane suka yi bayanta. Wannan hanya ta duba abin da ya gabaci ɗabi'a da abin da ya biyo ta, Susan Friedman ta Jami'ar Jihar Utah tana cikin waɗanda suka yaɗa ta tsakanin masu kiwon aku. 'Yarsa da ke aji biyar na sakandare ita ta riƙe littafin, ta kuwa yi aikin da tsanaki fiye da wasu ɗalibaina na jami'a.

Ruwa ba ya tsami banza. Da muka duba littafin sai muka ga kururuwar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta asuba da ta magariba, wadda muka riga muka yi bayani. Akwai wadda ke biyo bayan fitar uwargida daga ɗakin, kuma ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma wata da ba mu zata ba, wadda ke farawa duk dare sa'ad da aka ta da janareta aka kunna talabijin. Wannan ta ƙarshe tana da bayani a kimiyya. Tun 1911 wani likitan kunne ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya lura cewa mutum yakan ɗaga murya ba da saninsa ba in hayaniya ta yi yawa a kewayensa, kamar yadda muke yi a wurin injin niƙa. A 1998 an nuna haka a wata ƙaramar tsirya ta Ostareliya. Gida mai hayaniya tsuntsu mai hayaniya yake samarwa. Maganin wannan bai wuce ɗauke kejin daga kusa da tagar da janareta yake ba.

Wata kururuwar kuma ba a ƙyale ta ko kaɗan, wato ta tsoro. Aku in ya firgita yakan yi wani irin gurnani mai kaushi, ya ta da gashi, ko ya yi ta fafur-fafur yana bugun keji. A duba: kyanwa ce a kan katanga, ko shirwa ce ke shawagi, ko ɓera ne ke shiga kwanon abinci da dare, ko yaro ne ke tsokanarsa da kara? A kawar da abin tsoron. Kejin ma ya fi kyau a jingina shi da bango ta gefe ɗaya, don tsuntsun ya sami inda zai ba baya. Haka nan in tsuntsun da bai saba ihu ba ya fara shi farat ɗaya, ko mai surutu ya yi tsit ya kumbura gashi ya bar cin abinci, wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma kada a jinkirta. Tsuntsaye suna ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu.

A ba shi wani kiran

Ba a iya cire wa aku bukatar yin cigiya, amma ana iya canja masa muryar da zai yi ta da ita. Sai a zaɓi wani sauti mai daɗin ji wanda ya riga ya iya. Yawancin masu kiwo fito suke zaɓa, to amma na san gidajenmu da yawa ba a son fito, musamman da dare, saboda haka kalma ma ta isa. A gidan maƙwabcina "sannu" aka zaɓa, don ita ce kalmar da ya fi faɗa. Doka ta zama: duk sa'ad da ya ce "sannu", ko daga ina aka ji, a amsa masa nan da nan, cikin daƙiƙa biyu ko uku. A kwanakin farko har a zo gabansa, a yi masa magana, a ba shi ɗan abin da yake so. Gaggawar amsawa ita ce jigon aikin, domin tukuicin da ya makara da minti ɗaya tsuntsun ba zai san na mene ne ba. In ɗabi'ar ta zauna, sai a riƙa amsawa daga nesa kawai. Kafin a fita daga ɗaki a yi masa sallama, in ana kicin kuma a riƙa jefa masa magana tun bai tambaya ba. Haka garke ke yi a daji.

Ihu kuwa ba a amsa shi da kome: ba tsawa, ba harara, ba leƙe. In mutum yana ɗakin, ya juya baya ko ya fita. Da zarar an sami shiru na daƙiƙa biyar, ko aka ji "sannu", sai a dawo da fara'a. A hankali a ƙara tsawon shirun da ake jira.

Wajibi ne in yi gargaɗi a nan, don a wannan gaɓa ce mafi yawan mutane ke karaya. Ranar da aka daina amsa ihu, ba raguwa zai yi ba, ƙaruwa zai yi. Masana halayyar dabbobi sun san wannan sarai: in abin da ya saba aiki ya daina, dabba takan ƙara ƙaimi kafin ta saki, kamar yadda muke jijjiga ƙofar da ta ƙi buɗewa. Wanda ya kasa daurewa ya taso a tsakiyar wannan bore, ya koya wa tsuntsun matakin ihu mafi girma da bai taɓa kaiwa ba. Saboda haka kafin a fara sai an zauna da kowa a gidan, har da yara da mai aiki, an kuma sanar da maƙwabta an ba su haƙuri. A gidan da nake ba da labari, wadda ta fi ba da wahala ita ce mahaifiyar maigidan. Tausayi ba ya barinta ta ji tsuntsu yana kuka ta ƙyale, sai ta lallaɓa ta miƙa masa gyaɗa. Da aka mayar da ita mai ba da tukuicin "sannu", ta fi kowa riƙe dokar.

Aiki, barci da abinci

Duk wannan tarbiyya ba za ta yi tasiri ba in tsuntsun ba shi da abin yi. A daji dangin aku sukan ɓatar da sa'o'i da yawa kowace rana wajen nema da ɓare abinci. Wani bincike da Yvonne van Zeeland da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, wanda aka buga a 2013, ya nuna cewa akun da ake zuba wa abinci a kwano yakan gama cinsa cikin kimanin minti 47 a yini. Da suka riƙa ɓoye abincin a cikin abubuwan da sai ya yi wahala kafin ya ciro, lokacin ya ninka sau biyu ko fiye. Sauran sa'o'in yinin fa, me zai yi da su a cikin keji? Ihu, ko figar gashin jikinsa.

Ba sai an sayo kayan wasa daga waje ba. A ba shi masara a jikin totuwarta, ko zangarniyar gero ko ta dawa, a maimakon tsaba. A ƙunshe 'yan ƙwayoyi a takarda marar rubutu, a cusa cikin ƙaramin kwali ko duma da aka huhhuda. A rataya masa kaba wadda ba a rina ba ya yi ta yaga, da ɗanyen reshen gwaba ko na zogale wanda ba a yi wa feshin maganin ƙwari ba. Bakin da ke ɓare totuwa ba ya samun sararin ihu. Dabara ita ce a ba shi irin wannan aiki kafin lokacin da littafi ya nuna ya saba farawa, ba bayan ya fara ba. In an ba shi bayan ya fara, an mayar da shi tukuicin ihu ke nan.

Barci ma haka. A kurmin da ya fito dare da rana kusan daidai suke duk shekara, saboda haka yana bukatar duhu da shiru na sa'a 10 zuwa 12. Akun da ke falo har ƙarfe goma sha ɗaya ana kallo, sa'an nan a tashe shi da asuba, ba ya samun haka. A nan ne rufe keji yake da amfani, in an yi shi kullum a lokaci ɗaya da ƙyalle mai shan iska.

Game da abinci, kuskuren da na fi gani shi ne gyaɗa zalla. Mai ya yi mata yawa, ba ta da isasshen bitamin A da sinadarin kalsiyam, kuma in ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Wannan nau'in aku an san shi da saurin kamuwa da ƙarancin kalsiyam, har yakan faɗo daga kan sanda yana karkarwa. A haɗa masa da karas, gwanda, kabewa, ganyen zogale, dafaffen wake, da kwakwar manja in an samu, don tana cikin abincinsa na daji. Barkono ma yana ci, tsuntsaye ba sa jin yajinsa kamar mu. A riƙa fitar da kejin ya sha hantsi, amma da inuwa a gefe guda. Kada a ba shi fiya, cakulan, kofi, shayi ko goro.

A sayo masa abokin zama?

Wannan tambaya ba ta rasa fitowa. Gaskiya ne bincike yana goyon bayan zaman biyu-biyu. A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Cheryl Meehan da abokan aikinta sun ruwaito a 2003 cewa matasan wani aku na Amurka ta Kudu da aka ajiye biyu-biyu ba su kai waɗanda aka ajiye ɗai-ɗai yawan kururuwa ba. Duk da haka ni ban ba da shawarar a je kasuwa a sayo na biyu ba. Akun da ake sayarwa a kasuwanninmu kusan duk daga daji aka kamo shi, kuma da yawa suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso. Tsakanin 1975 da 2013 an fitar da fiye da miliyan 1 daga Afirka ta hanyar cinikin da aka yi rajista kaɗai. Wani nazari da aka buga a 2016 ya nuna cewa Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A watan Oktoba na 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, aka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya da Cadi suna cikin ƙasashen da suka gabatar da ƙudurin. Wanda ya sayi na biyu ya ba mai tarko kuɗin kamo na uku.

Sakinsa ma ba mafita ba ce. Tsuntsun kurmi da ya shekara a keji, in aka sake shi a Zariya ko Maraɗi, bai san abin ci ba, bai san wurin ɓuya ba. Sayar da shi kuwa mayar da matsalar wani gida ne, inda za a soma tsawa da buhu daga farko, ga shi kuma tsuntsu ne da ke iya wuce shekara 40 a raye. Wanda ya riga ya mallaka, abin da ya rage masa shi ne ya zame masa garke. A kawo kejin inda ake zama, a tsakar gida ko baranda, inda zai ga ana tsintar shinkafa ana hira, a maimakon lungun bayan ɗaki.

Abin da aka yi a gidan maƙwabcina ke nan. Kwana huɗun farko sun fi kowane lokaci muni, har ya zo ya ce mini, "Dakta, maganin naka ya fi cutar." A mako na uku littafin yarinyar ya nuna ihun rana ya sauko daga sau ashirin da wani abu zuwa sau biyar ko shida. Bayan wata biyu sai a yini ba a ji ba, sai dai "sannu" da ake ta jifan juna da ita tsakanin baranda da kicin. Hayaniyar asuba kam tana nan, wajen minti goma sha biyar kowace safiya har na bar unguwar, kuma ni ma da ita nake tashi.